Duhun da Ado Tocila Ya So Ya Gyara

A Unguwar Shanu, in ka tsaya kana tambayar shagon Malam Ado, ido kawai za a bi ka da shi, don masu wannan suna sun yi yawa. Amma ka ce Tocila, ko akuyar da ke kwance a bakin kwata ta san inda za ta nuna maka. Ɗan tsukukun shago ne tsakanin Nuhu tela da mai injin niƙa, cike da gawarwakin rediyo da talabijin tun daga ƙasa har rufi. Masu wasu sun mutu, masu wasu sun yi fushi sun bar masa.

Ba hasken fata ne ya jawo masa sunan ba, baƙi ne kamar gindin tukunya. Ido ne. Tun yana saurayi, in ɗan ƙaramin ƙarfe ya suɓuce ya faɗi cikin ƙasa, kafin wani ya ce a kawo tocila shi ya tsince shi ya hure masa ƙura. Aka ce ai ga tocilar nan a goshinsa, sunan ya zauna.

Gado ne kuma. Ubansa agogo yake gyarawa a bakin tashar Kawo, shi ma ana zuwa daga nesa saboda idonsa. Sai dai idon bai jira shi ba. Kafin furfura ta gama cin gemunsa gani ya tafi, ya ƙare rayuwarsa a zaure kan buzu, ana gaya masa wanda ya shigo da wanda ya fita. Mutumin da a da ake roƙo ya duba, ya koma ana ce masa sannu da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Ado ya ga wannan zaman da idonsa, kuma bai taɓa ba kowa labarinsa ba.

Ƙuruciyarsa a gidan sinima ya yi ta, wani da yanzu aka mayar wurin ajiyar buhuna. Shi ne a ɗan ɗakin sama yana juya injin majigi. Ya kalli finafinan Indiya har waƙa ta fita daga ransa, ya kalli na Chanis, ƙarti da fararen wanduna suna tsallake katanga da rana tsaka, in aka kai naushi ɗaya sai ka ce a Hayin Banki za a ji ƙarar. A wancan zamani, in hoto ya ɗan dushe, 'yan kallo ba sa tambayar dalili. Fito suke yi, su juyo su fuskanci ɗan ɗakin sama su zagi uwar wanda ke ciki. Marigayiya uwar Ado ta sha zagin da ba ta san hawa ba balle sauka. Daga nan ya ɗauko karatu guda da ya riƙe har tsufa: duhu a fuskar majigi laifi ne, kuma laifin mai inji ne.

Da sinima ta mutu ya koma gyaran rediyo da talabijin. Yana da mitar awon wuta kamar kowa, yana taɓa nan ya taɓa can, amma alƙalinsa ido ne. In ya gama aiki sai ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ƙura wa mai karanta labarai ido, ya ce, "Ja ya yi masa yawa, kamar ya sha mari." Ya koma ya murɗa. Da haka ya ci da gida, ya yi wa ɗansa Umar karatu har ya samu aikin gwamnati.

Matarsa Ladi kitso take yi. Macen da ta shekara da shekaru kan mata na kan cinyarta, ba a yi mata ɓoyo. Daga yadda mace ta sunkuyar da wuya take sanin ko an yi faɗa a gida. Bakinta kuma reza, ta yanke ka sai ka je gida za ka ga jini.

Abin ya fara wa Ado ne daga gefe. Abin da ke gabansa yana gani, amma na gefen ido sai ya riƙa ɓacewa, kamar ana jawo labule a hankali daga hagu da dama. Ya yi tuntuɓe da bokitin markaɗe a ƙofar mai niƙa, ya yi wa masu bokitin faɗa. Ya ajiye babur ɗinsa, ya ce mai ya yi tsada. Wurin ɗiga dalma ya koma lalube da yatsa kafin ya ɗora. Sannan duniya gaba ɗaya ta fara yi masa kamar kullum da hadari. Duk talabijin da ta shigo hannunsa sai ya ƙara mata haske, har wani ya dawo da tasa yana cewa, "Baba, mutanen ciki duk sun koma kamar sun sha man bilicin."

Bai gaya wa kowa ba. Umar dama ya daɗe da waƙa ɗaya: "Baba, ka huta haka nan, ka bar shagon nan." Ado ya san ranar da maganar ido ta kai kunnen Umar, ranar kwaɗo zai hau ƙofar shago, shi kuma a shimfiɗa masa buzu. Yaron kirki ne, da kirkin zai zaunar da shi.

Ana cikin haka Hajiya Aminatu ta iso daga Abakpa, direba na biye da ita rungume da talabijin mai faɗi kamar ƙofar ɗaki. Hajiya fitilu take sayarwa, tana zuwa har ƙasar Sin saro su, kuma samfurin kowace fitila sai ta rataya shi a falonta. In ka shiga falon da dare sai ka nemi inuwarka ka rasa.

"Malam Ado, ga ta nan. Ta yi duhu."

"Tun yaushe, Hajiya?"

"Tun da na sa fim ɗin nan. Yana nan a ɗan filas ɗin ajiye finafinai, na bar shi a maƙale a jikinta. Tafintata ce a can ta ba ni, wata mata mai kirki. Ta ce wannan ba Sinancin gwamnati suke yi a ciki ba, yarensu ne na can kudu, Kantonis. Ta ce in ina son in san mutanensu in kalle shi. To ni ban ga mutane ba, duhu na gani. Tun daga ranar kuma ko labarai na kunna sai in ga kamar ba yadda suke da ba."

"Fim ɗin Chanis ne?"

"Nasu ne."

"Ai kuwa na Chanis ba ya duhu," in ji Ado, da muryar wanda ya juya su da hannunsa. "Ki bar ta."

Da ta tafi ya kunna. Ya ji ruwan sama, ya ji takun ƙafa, ya ji wani namiji na magana ƙasa-ƙasa, muryar na hawa tana sauka kamar mai rarrashi. Ya duba, baƙi. Can wani jan abu ya gifta ya ɓace. Ya sauya zuwa labarai, ya ga mai karantawa dishi-dishi, amma ai yanzu ko fuskar Nuhu tela haka yake ganinta. Ya buɗe bayan talabijin ya auna duk abin da ake aunawa, mita ta ce lafiya lau. Ya ja da baya zuwa bakin ƙofa yadda ya saba, ya tsaya, ya rasa abin da zai ce. Ko talabijin ce ta mutu, ko shi ne. Abin da zai auna da shi, shi ne abin da ake tuhuma. Kuma duk wanda ya kira ya ce zo ka duba mini, ya gama tona kansa.

Washegari da hantsi ya kira Ladi a waya.

"Yau ki kawo mini abincin da kanki."

"Da kaina? Ƙafar masu kawowa ta karye ne?"

"Akwai abin da nake so ki gani."

"Malam, ina da kai biyu a gabana."

"Su jira."

Ta zo bayan azahar da kwanon dambu, ta ajiye tana dubansa sama da ƙasa. Ya ce wani fim ne Hajiya ta kawo, ya ga ita mai son labarin mutane ce. Rana na shigowa ta ƙofa tana dukan gilashin talabijin, sai ya tashi ya jawo ƙofar ya rufe.

Nuhu tela ya tsayar da keken ɗinki. "Tocila, da rana tsaka? Da girmanku?"

Ladi ta ce daga ciki, "Nuhu, ka ji da wandon mutane da ka yi wa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. In ka gama sai ka zo ka yi mana gadi."

Keke ya ci gaba da ƙara. Ta zauna kan wata matacciyar talabijin, ya danna rimot.

Ba wanda ya fassara fim ɗin, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma ba wanda Ladi ke iya karantawa ba ne. Ba ta damu ba. Tun ba a je ko'ina ba ta raɗa wa kowa suna. Akwai Direba, siriri mai kwat baƙa, wanda ba ya dariya. Akwai Uban Gida, mai gidan abinci, yana zama kusa da wani akwatin gilashi da kifaye ke yawo a ciki, koren hasken ruwan na rawa a kumatunsa. Akwai Mai Aski, dattijo, abokin Direba.

Gari ne da ba a taɓa ganin samansa. Benaye sun haɗe kai, lunguna kamar tsagar kitso, ruwa na zuba ba fashi. Hasken da ke akwai na allunan shaguna ne, ja da kore da shuɗi, kuma ba a nuna maka allunan, sai dai ka gan su kwance a cikin ruwan da ya taru a ƙasa, mota ta taka su su tarwatse su sake haɗuwa. In za a nuna mutum, rabin fuska ake ba ka, a riƙe rabi. Wani lokaci hannu kawai, da hayaƙin taba.

Ado ba fim yake kallo ba, Ladi yake saurare.

"Ya kika ga hasken?" ya ce, kamar ba komai.

"Wane haske?"

"Na talabijin ɗin. Bai yi duhu ba?"

"Dare ne a garinsu, Malam. So kake su kunna maka rana? Yi shiru."

Aka zo inda Direba da Mai Aski ke cin taliya a wata 'yar rumfa. Ƙwan fitila ɗaya ne a kansu, an sauko da shi ƙasa-ƙasa, sai ya zama kwanuka da hannaye ne a haske, fuskokin na sama cikin inuwa. Ba wanda ke magana. Mai Aski ya sa tsinkayen da suke cin abinci da su ya ɗauko yankan nama mafi girma daga kwanonsa, ya ajiye a kwanon Direba. Hannun Direba ya tsaya.

"Ya sani," in ji Ladi.

"Wa ya san me?"

"Tsohon. Ya san Uban Gida ya ba wannan aikin kashe shi. Ka ga ya ba shi naman bai dubi fuskarsa ba. Sauƙaƙa masa yake yi."

"Kina jin yaren ne?"

"Wane yare? Hannu nake kallo. Ai shi ya sa suka ɓoye fuskokin. Fuska ta iya ƙarya, tun tana ƙarama ake koya mata. Wanda ya yi abin nan ya zauna da mutane."

Wannan Ado ya gani, don hannayen na tsakiya kuma da haske a kansu. Ransa ya ɗan kwanta. Ashe haka aka yi fim ɗin. Ashe akwai wanda zai kashe dukiya ya ɗauki duhu da gangan, ya auna shi kamar gishiri, nan kaɗan, can da yawa. Shi da ya yi rayuwarsa yana korar duhu daga gilashi, bai taɓa tunanin wani na can yana shirya shi da hannu ba. Har ya buɗe kwanon dambu ya kai loma.

Sai Direba ya shiga wani bene. Aka bi shi zuwa matakala, ƙofa ta rufe a bayansa, komai ya ɗauke. Taku kawai ake ji, da ɗigar ruwa, da numfashi. Abin ya yi tsawo.

"To nan kam ba komai," in ji Ado da ƙarfin gwiwa. "Nan sun wuce gona da iri. Baƙi ne zalla."

Ya ji Ladi ta ja numfashi ta riƙe.

"Tun ɗazu take tsaye," ta ce a hankali.

"Wa?"

"Matar. 'Yar Mai Aski ce, wadda ke share gashi a shagonsa. Ga ta can a lungun matakala ta hagu, ta lafe da bango. Ga farin takalminta. Ga bakin almakashi a hannunta yana ɗan ƙyalli. Shi bai gan ta ba, zai wuce ta gabanta."

Ado ya tsayar da fim ɗin. Ya duba hagu. Ya juya kai gaba ɗaya ya sa wurin a tsakiyar idonsa. Ladi ta tashi ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Nan."

Ya ga yatsan. Bai ga komai a ƙarƙashinsa ba.

Ya ɗauki rimot ya shiga ƙara haske, yana dannawa yana dannawa har ya ƙure. Baƙin ya koma toka-toka, tokar ta koma kamar ruwan wanki. Sai ga matar ta fito, tsaye da almakashinta, ga bango da fenti ya ɓare, ga tsintsiya a jingine, ga wayoyin wuta. Komai ya bayyana, kuma komai ya mutu. Matar da ta sa Ladi riƙe numfashi ta koma wata yarinya da aka ce tsaya nan kar ki motsa.

"Ka ɓata shi," in ji Ladi. "Mayar."

"Yanzu ne ake gani."

"Yanzu ne kake gani. Ɗazu sai da na neme ta na same ta, gabana ya faɗi. Yanzu ka tsirara ta. Mai abin ya san inda ya ajiye duhunsa, ba kai za ka share masa ba. Mayar, Malam."

Ya mayar. Matar ta nutse ta bar shi da baƙin gilashi. A waje injin niƙa ya tashi, ya yi ta kuka, ya mutu. Ado na zaune da rimot a cinya.

"Ladi," ya ce. "Ba na ganinta."

"Na sani."

"Ba ita kaɗai ba."

"Na ce na sani. Wa kake tsammani ke kwashe turmi da kujera daga hanyarka kowace safiya? Aljanu? Hular da ka fita da ita ranar Juma'a a juye take, na bar ka don in na faɗa za ka ce tela ne."

"Me ya hana ki magana?"

"In yi magana ka ce bakin Ladi ne. Jira nake ka faɗa da naka."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi ya sunkuya iya son ransa, ba ta ce masa sannu ba, don ta san sannu ce abin da ya fi tsoro. Can ta ce, "Kunna mana. Ina so in ga ko ta soke shi."

Ba ta soke shi ba. Ya wuce ta gabanta, ta bar shi ya wuce. Daga nan Ladi ta koma idonsa a duk inda duhu ya yi yawa. "Ya tsaya a ƙofa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ga inuwar tsohon ta ƙasan ƙofa, shi ma yana tsaye yana jira." Ado ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba duk zamansa a sinima: in hoto ya yi shiru, ƙara ke ɗaukar labarin. Takun Direba ya sauya tun daga rumfar taliya, ya koma jan ƙafa. Ya gaya wa Ladi, ta ce ita ba ta ji ba, ya mayar baya ta saurara, ta ce haka ne.

A ƙarshe Direba ya ɗauki Mai Aski a mota zuwa bakin teku, inda manyan jirage ke tsaye. Suka zauna a ciki, ruwa na gangara a gilashi yana zana layi a fuskokinsu. Ba a yi harbi ba. Gari ya fara wayewa, kuma wannan ne kaɗai hasken rana a fim ɗin duka, fari fat, marar jini, kowa ya tsufa a cikinsa. Mai Aski ya buɗe ƙofa ya bi hanyar jirgi. Direba ya kashe mota ya ajiye makulli a kan kujera, ya zauna yana kallon motocin Uban Gida na tahowa a madubi.

"Tun farko nake roƙon gari ya waye musu," in ji Ladi tana ɗaura mayafi. "Da ya waye na gwammace daren." Ta ɗauki kwanonta. "Wannan ba na masu tsalle ba ne. Waɗannan mutane ne."

Da Hajiya Aminatu ta dawo, hanya a buɗe take ga Ado. Yana iya ƙure haske, ya ce ya canja wani abu a ciki, ta ga mutane tar ta yi godiya ta tafi, ba mai sanin komai. Ya yi tunanin haka, ba a ce bai yi ba.

"Hajiya, talabijin ɗinki lafiyarta ƙalau. Ban taɓa komai ba."

"To duhun fa?"

"Na fim ɗin ne, haka aka gina shi. Ki kashe fitilun falon nan naki, ki saki labule, ki zauna ki ba idonki lokaci. Kar ki bari kowa ya ƙara masa haske."

"In kashe fitilu? Ni?"

"Na ɗan lokaci ne, ba za su yi fushi ba. Kuma nan gaba in ta samu matsala ta gaske, ki kai wa wani. Idona ya fara tafiya."

Nuhu tela, da kunnensa ke manne da bango tun da aka halicce shi, ya tsayar da keke. Kafin la'asar rabin unguwa ta ji. Shi ya sa Ado bai jira ba, ya kira Umar da kansa tun labarin bai riga shi ba.

Suka je asibitin ido su uku. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma yana bin jini. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama da saura, in aka riƙe ɗiga magani safe da yamma ana iya tsare abin da ya rage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce da an zo da wuri. Ladi ta dubi Ado, ta yi masa alherin yin shiru.

A hanyar dawowa Umar ya fara. "Baba, yanzu kam ai magana ta ƙare. Gobe zan sa a kwashe kayan shagon."

"Talabijin na bari," in ji Ado. "Na bar ta har abada, ba zan ƙara cutar kayan mutane ba. Amma rediyo da kunne ake gyara ta. Fanka da dutsen guga, yatsa ya ishe su."

"Baba, wuta fa. In ka taɓa inda ba daidai ba?"

"Na taɓa inda ba daidai ba tun ba a haife ka ba."

Umar ya juya wajen uwarsa yana neman agaji. Ta ce, "Kar ka dube ni. In ka zaunar mini da shi a gida, kai za ka zo ka riƙa sauraron tarihin sinima, ni ina da sana'a." Ta gyara zama. "Ka bar masa shagonsa. Ranar da na ga ba zai iya ba, ni zan rufe, kuma ba zan yi shawara da ku ba."

Shagon na nan a buɗe. Talabijin ba ta shiga, in ka kawo zai nuna maka wani a gaba. Yana zaune da rediyo a kunne, ido a lumshe, yana murɗawa har tsakin ya fita. Sunan Tocila bai sauka ba, sai dai masu kunya sun koma Baba Ado, shi kuma ya fi son marasa kunyar.

Abu ɗaya ne ya sauya da unguwa ta kasa sabawa da shi. Tun da aka kawo Ladi gidan Ado, in za su fita shi ne a gaba ita a baya, kamar kowa. Yanzu kowace safiya ita ce a gaba da mayafi ruwan ɗorawa, mai kyau da ba a sa wa don zuwa shago, ta zaɓe shi ne don ya fi kama ido. Shi yana biye, hannu a baya kamar mai duba gonarsa. Ba ta riƙe masa hannu, ba ta waiwaye. Matan layin suka ce Ladi ta samu abin da take nema, ta ce su ma su nema.

"Ki rage sauri," yakan ce.

"Na rage. Ɗaga ƙafa, ga kwata."